Muryar da ke Gefen Majigi: Jinjina ga Fusae Harkness

Kafin motocin ɗaukar rake su fara wucewa, Fusae Harkness ta riga ta tashi. Takan dafa 'yar shinkafa, ta ɗebi cokali guda ta ajiye gaban hoton mijinta Neville, ta ba shi labarin jiya da Japananci, harshen da bai iya ba yana raye balle yanzu da yake kwance. Daga nan sai shara, sai ban ruwa ga 'yan shuke-shukenta, sai ta zauna a baranda tana kallon gonakin da suka kewaye gidan ta ko'ina. Gidan shi ne na ƙarshe a hanyar, ba mai bi ta nan sai wanda ya yi niyya. In mai raba wasiƙu ya tsaya ya ce zafin yau ya fi na jiya, to ta yi baƙo ke nan a ranar.

Lahadin farkon wata ce kawai take fita daban. Tun da hantsi take loda majigi a bayan mota, ta nufi zauren taro na garinmu Mirrabeen. Ta rataye barguna a tagogi don hasken rana kada ya ɓata hoto, ta jera kujeru, ta shirya dunƙulen shinkafa a faranti da koren shayi a tukunya. Da rana ta karkata sai manoman rake su shigo da matansu, huluna a hannu, ana tsokanar juna. Ta kashe fitila, ta kunna majigi, ta koma gefen farin kyallen ta tsaya. Ta fi shekara arba'in tana wannan tsayuwa.

Tana budurwa ta zo mana daga wani ƙauyen masunta a Japan, bayan Neville ya haɗu da ita lokacin da yake aiki a jirgin ruwan dakon sukari. Da ta iso, ita kaɗai ce 'yar ƙasarsu a garin, in ka cire masu yankan raken da ke kwance a kusurwar maƙabarta tun zamanin kakanni, waɗanda ba wanda ya iya karanta sunayensu. Yaƙin duniya da aka gwabza da ƙasarsu kuwa bai gama hucewa a zukata ba. Akwai shagon da in ta shiga sai hira ta mutu. Wata a matsayinta da ta kulle ƙofa ta zauna. Ita sai ta nemi aron finafinai daga ofishin ƙasarsu da ke birni, aka riƙa aiko mata su a gwangwanaye ta jirgin ƙasa.

Finafinan farko ba su da rubutun fassara, shi ya sa ta tsaya a gefe tana faɗin abin da ake cewa. Ita ce tsoho, ita ce amarya, ita ce ɓarawon da ke leƙen katanga, da Turancinta mai ɗingishi wanda ba ta taɓa jin kunyarsa ba. Daga baya finafinai masu rubutun fassara suka zo, aka gwada su sau ɗaya, jama'a suka ce a mayar musu da Fu, domin haka kowa ke kiranta. Kelvin Zammit, makaniken garin, wanda bakinsa ba ya mutuwa ko a coci, shi ya fi kowa kumfar baki a kan haka. Ya ce bai biya harajin makaranta don ya zo yin karatu ranar Lahadi ba.

Fusae, ke ce kika durƙusa a maƙabarta da buroshi da bokiti kika wanke duwatsun kaburburan masu yankan raken nan ɗaya bayan ɗaya, kika karanta sunayen da ƙarfi, har wata mata mai sayar da mangwaro ta gane ashe kakanta ne ke kwance a can. Ke ce kika koya mana sakin fitilun takarda a kogi duk watan Agusta don tunawa da matattu, namu da naku, ba ki ware ba. Yaran da kika koya wa naɗe takarda ta zama tsuntsu, yau su ke kawo nasu 'ya'yan. Akwai kuma tsohon sojan da ya sha wuya a hannun mutanenku, wanda ya yi shekaru yana tofar da yawu in ya wuce zauren. Ba ki taɓa ce masa uffan ba, kujera kawai kike ajiyewa bakin ƙofa. Rannan ya zauna a kanta, kuma bai daina zuwa ba sai da rai ya yi halinsa. Kainuwa dashen Allah, wa ya shuka ki a nan da har kika yi mana inuwa?

To amma akwai abin da garin nan bai gane ba game da ita, kuma a nan ne labarin ya yi ɗaci.

A inda Fusae ta tashi, mutumin kirki ba ya karɓar tayi a karon farko. In an ce ga abinci, sai ya ce ya ƙoshi. In an ce a taimaka masa, sai ya ce kada a wahala. Aikin mai tayi ne ya sake, ya nace, har sai kara ta sami hanyar da za ta janye ba tare da an zubar da mutunci ba. Mutanen Mirrabeen kuwa ba su san wannan rawa ba. Su in ka ce a'a, a'a ce, kuma a wurinsu matsa wa mutum rashin ladabi ne. Za su ce maka "yadda ka so" da zuciya ɗaya, su juya su tafi, suna ganin sun girmama ka.

Neville ne ya san kan abin, amma shi ba mutum ne mai bayani ba. In an gayyace su cin gasasshen nama ta ce kada su takura wa mutane, sai kawai ya ce za su zo. In an yi tayin ɗaukar mata kaya ta ƙi, sai ya miƙa wa mai tayin kwalin. Matan gari har gulmarsa suke yi, wai ba ya barin baiwar Allah ta yi ra'ayin kanta. Da ya rasu, sai aka ce to yanzu kam za a bar ta ta sarara.

Aka kuwa bar ta. Duk wata wani zai ce, Fu, a taya ki jera kujeru? Ta ce a'a, ba komai. Ya tafi shan giya, ita kuma ta ja kujeru hamsin da bayanta mai ciwo. Kirsimetin farko bayan rasuwar, Doreen Castellaro, sakatariyar kwamitin zauren, mace mai kirki da saurin magana, ta gayyace ta cin abincin rana. Fusae ta ce ranar iyali ce, kada ta shiga tsakaninsu. Doreen ta ce ta fahimta. Fusae ta riga ta goge rigar da za ta sa, ta naɗe tsarabar yara. Ta yini a baranda da rigar a jikinta, tana jiran wayar da za ta sake bugawa. A hankali gayyata ta ɗauke gaba ɗaya, aka yanke cewa Fu mai son kaɗaici ce. Ita kuma ta yanke cewa dama albarkacin Neville take ci. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma duhun nan ya rufe ɓangarorin biyu.

Abin da ya rage mata shi ne Lahadin nan. A can kaɗai take jin harshenta daga bakin wani ba nata ba, ko da bakin hoto ne. A can kaɗai ake dariya saboda ita.

A taron kwamiti na farkon shekarar nan sai ta miƙe ta ce ta tsufa, idonta ya yi rauni, muryarta ta dushe, ya kamata ta ba da wuri. Ba barin aiki take nufi ba. A garinsu haka dattijo ke tambaya ko har yanzu ana bukatarsa, kuma amsar da ake ba shi ita ce a riƙe hannunsa a ce ina, ba inda za ka. Kwamitinmu mai albarka ya tashi tsaye ya tafa mata. Suka ce ta yi iya yinta, hutu ya kamace ta. Kafin a tashi taron an ba masu koyon rawa Lahadin farkon wata, tun da sun daɗe suna nema. Fusae ta sunkuya ta yi godiya da murmushi. Da ta isa gida ta daɗe a cikin mota ba ta fito ba.

Ranar nunin ƙarshe zauren ya cika har da na tsaye. Ta zaɓi wani tsohon fim marar launi. A cikinsa wani matafiyi ya fake a rumfar wata tsohuwa ana ruwan sama, ta miƙo masa kwanon miya mai turiri. Fusae ta yi muryar matafiyin, ta ce ya gode, ya ci abinci a hanya.

Daga bayan zauren Kelvin ya ɗaga murya. "To ki janye kwanonki mana, Iya! Mutum ya ce ya ƙoshi, dole ne? Miƙo nan in shi ba ya so."

Aka fashe da dariya. An saba, kuma Fusae takan rama masa da wadda ta fi tasa zafi. Wannan karon ba ta yi dariya ba. Ta bar muryar matafiyi ta koma tata.

"Yunwa yake ji, Kelvin. Dubi yadda yake kallon kwanon. A wurinmu ba a cewa i da fari. Kana cewa a'a, sai ka jira. In tana son ka da gaske za ta sake tambaya." Ta juya ga kyallen, majigi na ta ƙara. "In ba ta sake ba, sai ka yi godiya ka koma cikin ruwan."

A kan kyallen tsohuwar ta sake tura kwanon, mutumin ya sake ƙi, ta kama hannunsa ta ɗora a kai, ya ci kamar zai haɗiye kwanon. Fusae ta ci gaba da aikinta har ƙarshe ba ta tsallake kalma ba. Amma waɗanda ke kusa da Doreen sun ce tun daga wurin nan ba ta sake kallon fim ɗin ba, Fusae take kallo, hannunta a kan baki.

Da aka kunna fitila Doreen ba ta jira jawabin bankwana da aka shirya ba. Ta je ta tsaya gaban Fusae ta ce mata ta ci gaba da nunin. Fusae ta ce a'a, an riga an ba wasu ranar, ba kyau a tashe su. Kelvin ya buɗe baki zai ce ai kin ji, Doreen ta ce ya rufe mata shi kafin ta rufe masa da kujera. Ta sake roƙo. Fusae ta ce idonta, muryarta, mutane sun gaji da ita. Doreen ta kama hannayenta biyu ta ce ba ta sakin su, in ya so su kwana a nan, kuma masu rawa su je su yi rawarsu a kan titi. Fusae ta sunkuyar da kai.

"In dai ba zan zame muku nauyi ba," in ji ta.

Doreen ta fashe da kuka, tana yi tana faɗa. "Haba 'yar uwa! Tun yaushe kike cikin wannan hali ba ki faɗa ba?"

"Ba a faɗa," Fusae ta ce. "Tun da Neville ya tafi ba wanda ya tambaye ni abu sau biyu."

Neville ya shekara tara a ƙasa. Wannan magana ta yi mini ciwo, kuma har yau tana yi. An mayar mata da Lahadinta, masu rawa sun koma Asabar ba tare da gardama ba, Kelvin ma yanzu shi ke loda majigi, ba ya ko tambaya. Amma shekarun da ta yi ita kaɗai a tsakiyar mutanen da ke son ta, waɗannan babu kwamitin da zai zauna ya mayar mata da su.

Fusae Harkness, mun gode. Kin kawo mana ƙasarku a gwangwani, kin tsaya da ƙafafunki kin fassara mana ita wata bayan wata, alhali ke ba ki da mai fassara ki. Ba ki yi fushi kin kashe majigi ba, ba ki rama shirunmu da shiru ba. Duk wanda ke zaune a ƙasar da ba tasa ba, yana ganin abin da ya zo da shi ba mai so, ya dube ki ya fito da shi. Allah ya ƙara wa idon nan haske, ya bar mana muryar.

Ku kuma da ke karanta wannan, nunin na nan Lahadin farkon wata, ƙofa a buɗe. Sauran kwanakin watan kuwa tana gidan ƙarshe a hanyar gonaki. In kun je za ta fito baranda ta ce ba sai kun shigo ba, ta san kuna da abin yi. Kada ku juya mota.