Safayar da Ta Nema wa Nura Aure

Unguwar Mu'azu

Muna idar da sallar asuba muka tashi, ni da ƙanina Nura da Kawu Isa, wanda zai yi mana magana. Tafiyar ba ta da nisa, Kakau ce, gaba kaɗan da Gonin Gora. Sai dai mahaifin yarinyar da Nura ke nema ya aiko cewa ƙarfe takwas zai wuce gona, kuma an gaya masa yaron ɗan ƙarya ne. In ya gani da idonsa haka ne, to, magana ta mutu.

Nura kuwa ya kwana biyu yana goge sababbin rim ɗin da ya sa wa tsohuwar motarsa, manya-manya, masu ƙyalli kamar faranti, da taya siririya a kai. Na ce mu hau tasi. Ya ce, "Yaya, ai surukai ƙafa suke fara kallo." Na ƙyale shi, don na san wanda bai ji bari ba zai ji hoho.

Kudenda

Hoho ta same mu wajen shida da rabi, a cikin wani rami da tirelolin masana'antu suka haƙa. Tayar gaba ta fashe, rim ya lanƙwashe. Da aka buɗe but, sai ga safayar da ta zo da motar tun asali, 'yar ƙarama baƙa, ko rabin kwarjinin sauran ba ta da shi. Ashe da ya sauya huɗun, ta biyar ba ta zo masa a rai ba.

Mai faci a wurin, Oga Emeka, ya juya ta ya yi dariya. "Oga, wannan na small pikin, jaririya ce. Zan ciro ta baya in kawo gaba, ita ta zauna baya. Kar ka yi gudu fa, abeg, don Allah."

Muka sha koko da ƙosai tare da ma'aikatan da suka taso daga aikin dare, suna ta ba mu shawarar da ba mu nema ba. Aka sauke jak, mota ta karkace hagu. Goro da alewar da muka ɗauko suka gangara kusurwa ɗaya, Kawu ya koma dama wai don ya daidaita nauyi.

Gonin Gora

Daga nan tafiyar hawainiya muka yi. 'Yan Keke Napep na wuce mu suna ɗaga hannu, mai sayar da ayaba ta bi mu a ƙafa har ta gama tallarta. A shingen bincike, wani jami'i ya zagaya motar ya ce, "Malam, asibiti za ku kai ta?" Kawu ya ce neman aure za mu. Jami'in ya ce, "Allah ya sa amaryar mai haƙuri ce." Nura kuwa zufa kawai yake yi. Gaskiya a nan na ji tausayinsa.

Kakau

Mun iske Alhaji, mahaifin yarinyar, a ƙofar gida, fartanya a kafaɗa. Nura ya so ya ɓoye ɓangaren hagu a jikin katanga, amma ta nan ɗin tsohon ya fara zagayowa. Ya tsaya a kan safayar ya daɗe, sannan ya dubi sauran ukun.

"An ce mini ɗan ƙarya ne," in ji shi. "Ashe ya fara cire su."

Kafin Nura ya buɗe baki, Kawu ya taka masa ƙafa. "Haka ne, Alhaji. A hankali yake tuba."

"Madalla. Ranar da ta huɗun ta fita, ku zo a sa rana." Ya karɓi goro, ya wuce gonarsa.

Gida

Mun dawo kafin azahar, a karkace kamar yadda muka je. Mun gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu, na gode wa Kawu, da Oga Emeka. Da la'asar na leƙa ta taga, na ga Nura a tsugune ya goge rim ukun tas, ya shafa su ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ɗago kai ya ce, "Yaya, ara mini jak."