Ranar da Na Yi wa Karatun 'Yata Feshi

Ko da zan manta sunan unguwarmu a Bungudu, ba zan manta ranar da na kashe ƙudajen 'yata ba.

Ni tsohon masinja ne. Karatuna ya tsaya a firamare, amma a majalisarmu ta gindin darbejiya babu ilimin da ba mu ƙure ba, tun daga harba kumbo har zuwa ciwon suga. A can na daɗe ina cika baki cewa 'yata likita za ta zama.

Da aka rufe jami'arsu saboda yajin aiki, sai ta dawo gida rungume da kwali. Ciki kwalabe ne toshe da auduga, kowace ɗauke da ƙananan ƙudaje irin masu bin ruɓaɓɓen mangwaro. Ta ce wata takwas tana kiwonsu, kuma da su za ta rubuta aikin kammala digiri.

Kafin la'asar labari ya isa majalisa. Wani abokina, tsohon direban hanyar Tsafe, ya ce, "Malam, ashe likitan ƙuda munka samu! In nawa na gida sun yi zazzaɓi, in kawo?"

Aka yi ta dariya har da riƙe ciki. Ni ma na yi, amma ta haƙora.

Washegari ta tafi Gusau sayen abincin ƙudajen. Na saɓa tankin feshin wake, na cire audugar ɗaya bayan ɗaya, na yi aikina tsaf. Har ina jin kaina jami'in tsafta.

Da ta dawo ba ta yi ihu ba. Ta zauna a ƙasa ta juya kwalba ɗaya, gawarwaki suka zubo mata a tafi kamar riɗi.

Na ce, "Ke, mi za ki koya ga ƙuda?"

Ta ce, "Baba, da kana aiki, fayil yana motsi in ba a buga mai hatimi ba?"

"Ko na gwamna ne, yana nan har ya yi ƙura."

"To haka cikin jiki yake. A kowace ƙwayar halitta akwai furotin mai suna kaines, aikinsa buga hatimi a kan wani furotin. Wani kuma yana da ɗan sashe kamar hannu, ba ya kama komai sai mai wannan hatimin. Haka saƙo ke tafiya har a ce wa ƙwayar ta girma ko ta tsaya. Na ƙuda da namu kusan iri ɗaya ne. In mai buga hatimin ya haukace yana bugawa ba tsayawa, shi ne wani lokaci ke zama ciwon daji. Irin na Inna."

Mahaifiyarta take nufi, wadda muka rasa shekara uku kafin nan.

Na rasa inda zan sa idona. Shekara talatin ina yawo da fayil, ashe sana'ata take karantawa, ban tambaya ba sai da na gama ɓarna.

Abokan karatunta suka gama, ita ta ƙara shekara guda tana sabon kiwo. Ni ne mai kai mata ayabar ciyar da ƙudajen, a gaban idon 'yan majalisa.

Abin da na koya shi ne in yi tambaya kafin in saɓa tanki. Majalisa ta manta dariyarta cikin kwana biyu. Shekarar yarinyar nan kuwa, har yau ban sami inda zan samo in mayar mata ba.