Teburin Baba Kala a Barandar Asibiti

Sana'ar Baba Kala rubuta allunan shaguna ce, na masu aski da masu gyaran waya. Ranar da babu aiki yakan kwaso ragowar fenti da guntayen katako, ya kafa tebur a barandar asibiti, daura da ɗakin yara masu ciwon daji. Yana zuwa ne don yayye da ƙannen majinyatan, waɗanda ba a bari su shiga ciki, su wuni a kan benci ba mai ce musu kanzil. Ƙa'idarsa ita ce ba ya tambayar yaro me ya zana.

Cikin yaran akwai wadda ya laƙaba wa Shugaba, don ita ke raba buroshi. Ƙaninta yana ciki, magani ya zubar masa da gashi kaf. Ran nan ta zana 'yan gidansu: uba, uwa, sai yaro ɗaya a tsakiya, gashi cunkus a ka.

Uwar ta fito shan iska, ta leƙa katakon, ta tsaya cak.

"Ina ƙaninki?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai.

"Ke nake tambaya! Yana kwance da ransa, har kin cire shi?" Ta fizgi hannunta. "Malam, abin da kake koya musu ke nan? Daga yau ta bar zama nan."

Sauran yaran suka ajiye buroshi. Baba Kala ya san in aka janye ta, bencin nan za ta koma, ita kaɗai.

"Hajiya, a hankali, fentin bai bushe ba, kar mayafi ya sha ado." Ba wanda ya yi dariya. Ya durƙusa, ya karya ƙa'idarsa. "Shugaba, wane ne wannan na tsakiya?"

"Shi ne mana," ta ce. "In gashinsa ya fito."

Uwar ta sake duban katakon, ta daɗe tana dubawa.

"To ke fa, kina ina?"

"Ina waje, Mama. Ai ba a barina in shiga."

Uwar ta sassauta riƙon, ta zauna a ƙasa kusa da teburin. Nas ta leƙo daga ƙofa ta kira uwar.

"Ina zuwa," ta ce, ta jawo yarinyar ta ɗora kan cinyarta.