Goyon Zaune

Lokacin da matata ke ɗauke da cikin ɗanmu na uku, muna zaune a Yelwa, a gidan haya mai ɗaki biyu da 'yar baranda. Ni birkila ne. Ina fita da safe in dawo da la'asar, kwana uku a mako kuma in wuce ajin manya inda nake koyon karatu da rubutu. Ita ba ta fita aiki. In aka tambaye ni me matata take yi, sai in ce tana gida, kamar dai hutu take yi a can.

'Ya'yanmu biyu ne a lokacin, duka mata. Babbar tana da shekara biyar, ta fara zuwa makaranta. Ƙaramar shekararta biyu da 'yan watanni. An yaye ta daga nono tun kafin cikin ya fito, ba ta ba mu wahala ba ko kaɗan. Abin da ta ƙi saki shi ne bayan uwarta.

Da gari ya waye za ta sauko daga gado, ta jawo zani a ƙasa har inda uwar take, ta tsaya ta ce, "Mama, oyo." Bakinta bai iya cewa goyo ba tukuna. Uwar za ta sunkuya, ita kuma ta haye. Daga nan komai da ita a baya ake yi. A hura gawayi, a dama kunun gyaɗa, a yi wa babbar wanka, a nemo ɗayan takalminta da ya ɓata a ƙarƙashin kujera, a raka ta bakin titi. A dawo a share gida, a ja ruwa a rijiya, a yi wanki, a ɗora tuwon masara. Yarinyar tana can baya tana leƙen duniya ta kan kafaɗa, wani lokaci da guntun rogo a hannu tana shafa wa uwar a wuya.

Ban taɓa jin matata ta yi ƙorafi ba. Mace ce mai son gidanta. Tana aiki tana rera waƙoƙin zumuntar mata na coci, in ta manta baiti ta ƙara nata. Da wannan cikin, ɗanyen mangwaro ta fi so, da gishiri da yaji, ta zauna a baranda tana ci tana runtse ido. Da rana in aiki ya lafa, maƙwabciyarmu takan shigo su ɓare gyaɗa tare. Dattijuwa ce Bafulatana, mu duka Dada muke ce mata.

Da ciki ya kai wata shida, Dada ta dube ta tana shanya, ta ce, "Ke kam kin zama motar kasuwa. Gaba fasinja, baya fasinja."

Matata ta ce, "Kuma ba mai biyan kuɗin mota, Dada."

Suka yi dariya. Amma ni ina ganin abin da Dada ba ta gani. Da yamma in ta sauke yarinyar, ba ta iya miƙewa nan take. Sai ta dafa bango ta ɗan tsaya. Wani lokaci ta kwanta a kan simintin baranda, ta ce sanyinsa yana mata daɗi, in shafa mata man zafi a ƙugu. Zanin goyon ma ya rasa wurin zama. A ƙirji yana matse ta, a ƙasa kuma ciki ya tare hanya.

Ranar da ta je awo da yarinyar a baya, nas ɗin ta yi mata faɗa. Ta ce yarinyar da take goyawa ta isa tafiya da ƙafarta, in ba ta daina ba ciwon bayan zai kwantar da ita tun kafin haihuwa. Ta ce kuma ta gaya wa mijinta. Matata ta dawo ta gaya mini tana murmushi, amma ni ban yi murmushi ba. In ta kwanta, ban san wanda zai riƙe gidan ba.

Muka gwada dabaru. Na ɗora yarinyar a wuyana, ta ji daɗi na minti biyar, ta ce, "Oyo." Na sayo biskit, ta cinye, ta jawo zani. Na tsawata mata, ta yi kuka har ta yi amai. Uwar ta sunkuya ta ce, "Zo ki hau. Gara ciwon baya da wannan kukan."

Wata Lahadi bayan sujada mahaifiyata ta zo daga garinmu Kona da doya a buhu. Ta zauna ta sha ruwa, ta kalli surukarta tana kai da kawo da goyo, ta ci abinci ta gama. Sannan ta ce a kai mata yarinyar Kona. A wurinmu in mace ta yi nauyi alhali tana da na baya, kaka ake kai wa yaron, mako ɗaya ko biyu, har ya manta. Sharaɗi ɗaya ne: kada ya ga uwa ko uba, kada ya ji muryarsu, sai kaka ta ce a zo.

Ta nuna ni da baki ta ce wa matata, "Wannan ma haka na yi da shi. Kwana goma ya yi wurin uwata. Ga shi bai mutu ba."

Washegari na kai ta. Na bari sai da ta shagala da 'yan tsaki a bayan rumbu, na sulale.

Gida ya yi shiru. Matata ta ce kafin ƙarfe goma ta gama duk aikinta, ta rasa abin yi, har ta wanke labulen da bai yi datti ba. Na lura in ta sunkuya ɗaukar wani abu, hannunta ɗaya yana komawa baya ya tare abin da babu. In tana tsaye tana jiran tukunya, jikinta na rausaya a hankali. Ciwon ya ragu, ta ce barci ma ya fi daɗi. Amma rabin mangwaro kawai take ci ta ajiye.

A rana ta uku aka yi ruwa tun safe, gari ya yi sanyi. Ina shirin fita ta fito da rigar sanyin yarinyar a hannu.

"Baban yara, ka ga abin da muka manta. Kona akwai sanyi in an yi ruwa."

"Mama ta ce kada mu je."

"Ban ce ka shiga ba. Ka ba wani a waje ya miƙa." Ta saka rigar a jakar kayan aikina. Har na kai ƙofa ta ƙara da cewa, "In ka hango ta, ka duba ko ta rame."

Bayan mun tashi aiki na hau keke napep zuwa Kona. Na shirya komai a raina. Zan zaga ta bayan danga, in yafito matar ƙanena, in ba ta rigar, in leƙa ta kafar zana, in juyo. Ban lissafa da wan mahaifina ba. Yana zaune a gindin mangwaron ƙofar gida yana tufka igiya, daidai kan hanyar da zan bi. Tsoho ne ƙwarai, kunnensa ya yi nauyi, amma idonsa garau. Ya ɗago ya gan ni.

Duk wanda ya tashi a gidanmu ya san ba a wuce babba. Na cire hula, na tsuguna, na gaishe shi ƙasa-ƙasa.

Ya ce, "Me ka ce?"

Na maimaita.

"Ɗaga murya mana. Ba ka ci abinci ba ne?"

Na ɗan ɗaga. Gaisuwarsa kuwa ba gajeriya ba ce. Sai ya tambayi gajiya, ya tambayi ruwa, ya tambayi aiki, ya tambayi mai gidan da nake wa gini, kowace amsa kuma sai na faɗa sau biyu. Ya tambayi matata da nauyin jiki. Ya tambayi babbar. Sannan ya ce, "Ƙaramar fa?"

Na ce, "Ai tana nan cikin gida, Baba."

"Tana ina?"

"Tana ciki, wurin Mama."

Wannan karon da ƙarfi na faɗa. Ban rufe baki ba na ji sawun ƙananan ƙafafu a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ta fito a guje, bakinta duk miyar karkashi, ta faɗa jikina ina tsugune har muka kusa kifewa. Ba ta rame ba. Ta riƙe wuyan rigata da hannu biyu, ta ce, "Mama."

Mahaifiyata ta fito da muciya a hannu. Ta tsaya ta dube mu.

"Kwana uku ina aiki," in ji ta. "Jiya ta daina kuka. Yau da hannunta ta ci tuwo, ta bi yara har gona. Ka zo ka zubar mini da shi a ƙofar gida."

"Gaisuwa kawai na yi, Mama."

"Da ka wuce shi."

"Da na wuce shi, me za ki ce?"

Sai ta kauda kai don kada in ga dariyarta, ta ce, "Da na ce ba ni na haife ka ba."

Tsohon yana ta tambaya me ya faru, ba wanda ya sami ƙarfin yi masa bayani. Mahaifiyata ta ce in tafi da ita. Yaron da ya ga ubansa sau ɗaya, in ji ta, ƙofa zai yi ta kallo, ba zai ƙara mantawa ba. Ta haɗa mana gyaɗa da kuɓewa, muka taho.

A hanya ina ta shirya abin da zan ce. Muka sami matata a baranda tana tsince shinkafa. Yarinyar ta zame daga hannuna ta ruga. Uwar ta rungume ta, ta shinshina kanta, ta duba hannuwanta da ƙafafunta. Na ba ta labari tun daga gindin mangwaro. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Rigar sanyin fa?"

Na buɗe jaka. Tana ciki, a ƙarƙashin cokalin gini. Ta yi dariya har sai da ta tallafe ciki da hannu biyu. Kafin ta gama, yarinyar ta shiga ɗaki ta jawo zani.

Washegari na fita da damuwa, don mun koma inda muka fara, kuma laifina ne. Ruwa ya hana mu aiki, na dawo da rana. Na tarar da matata zaune a kan 'yar gajeriyar kujerarta tana yanka kuɓewa. Yarinyar tana bayanta, a ɗaure da zani tsaf har da majanyi, ta kwantar da kai tana tsotsar yatsa. Sai da na matso na ga ƙafafunta a ƙasa suke, a kan tabarma. A tsaye take, an dai ɗaure ta ne kawai.

Na ce, "Wannan kuma fa?"

Ta ce, "Goyo take so, ga goyo. Ita ta sami baya, ƙasa ta ɗauki nauyi."

Daga ranar ta sake tsarin aikinta. Ta jawo murhun gawayi kusa da kujerar, da baho, da tire, da turmin daka yaji, duk inda hannu zai kai. Abin da za a yi a zaune, a yi shi da goyo. Shara da shanya sai yarinyar ta yi barci an kwance ta. Jan ruwa ya dawo kaina, ina cika randa da baho kafin in fita. A nan na san yawan ruwan da gidanmu yake sha.

Dada ta shigo ta gan su, ta riƙe haɓa. "Mota ta lalace, fasinja ya ƙi sauka."

Yarinyar takan bubbuga kafaɗar uwar ta ce, "Mama, tashi." Uwar ta ce, "Sai an jima," ta ci gaba da waƙarta. Ba ta tsawata mata, ba ta kuma tashi. Goyon da ba ya zuwa ko'ina bai daɗe yana wa yarinyar daɗi ba. Agwagin Dada su wuce, tana ɗaure. Yayarta ta dawo daga makaranta ta baje kayan wasa, tana ɗaure. Sai ta fara mutsu-mutsu tana cewa, "Sauke." A kwance ta, ta tafi, ta dawo, a sake ɗaurewa. Da farko sau goma a yini, daga baya sau uku.

Wajen mako na uku, wata Asabar ina gida ina gyaran ƙafar benci, ta fito da zani kamar kullum. Ta zo har gaban uwar, ta dubi kujerar, ta dubi ƙofar gida inda yara ke tara ruwan sama a gwangwani. Ta saki zanin a cinyar uwar ta fita. Ba ta ƙara neman goyo ba har aka haifi ƙanenta, bayan wata ɗaya da rabi, uwar kuma da ƙafarta ta shiga asibiti.

A ranar Asabar ɗin dai matata ta daɗe da zanin a cinyarta, tana ninke shi tana warwarewa. Na ce, "To, kin huta."

Ta ce, "Na huta."

Can kuma sai ta leƙa ƙofa ta kira yarinyar, wai ta zo a share mata hanci.