Ranar da Ɗan Aike Ya Gaskata Kirari

Ban taɓa mantawa da wata Alhamis ta farkon damina ba, ranar da Malam Lawali likitan dabbobi ya faɗo biro, wato ofishinmu, da laka har gwiwa, yana tambayar wa ya tsane shi a gidan nan.

Ku da kuka zo daga baya, bari in ɗauko muku daga tushe. Kun san Ɗan Aike, mai maganar nan ta cikin tarho, wanda ba uwa ba uba. Manomi ya kira ya faɗi kukansa, shi kuma ya zaɓi abin aikin da zai ɗauka. A lokacin uku ne: mai duba ruwan sama, mai tambayo farashin kasuwa, da mai kiran likitan dabbobi. Kowanne an rubuta masa bayani, kuma da bayanin kaɗai Ɗan Aike yake gane su, tunda ido bai da shi. Aikina auna bayanin. Ibro, yaron ordinatar, wato kwamfuta, ya karanta mini, ya kawo kukan wani manomi, in ce ga wanda zan ɗauka. In na ɓata hanya, bayanin ne gurgu. In na gamsu, in dangwala yatsa, sannan a ba Ɗan Aike. Ban taɓa zama lakwal, makarantar boko, ba, amma na tsufa ina zabiyanci a Birnin Damagaram, kunnena ya san magana mai gishiri da lami.

Wata rana kafin Alhamis ɗin nan, Ibro ya karanta mini na likita: "Yana kiran likitan dabbobi."

Na ce, "To, ci gaba."

Ya ce, "Ai ya ƙare, Inna."

Na ce, "Ɗan nan, haka ake gabatar da magidanci a gidanku? Ko jaki aka kai kasuwa ana cewa ga mai ƙarfi. Ban dangwalawa."

Ya ce to in faɗa ya rubuta. Na gyara ɗaurin kallabi na ba shi: "Lawali maganin kukan talaka! Wanda ya kira ka ya kwana da dariya. Babu damuwar da ta fi ƙarfinka, gabas taka, yamma taka!" Ibro ya rubuta yana ƙyaƙyatawa, ya ce gwaji ne, zai cire kafin a tashi. Na dangwala. Sai aka aiko matarsa na naƙuda, ya fita ko hula bai ɗauka ba.

To, wani a Gaffati ya tambayi ko ya yi shuka, Ɗan Aike ya tura masa Lawali. Wata a Dakusa ta tambayi kuɗin tiyar gyaɗa, sai ga Lawali a kan moto, babur ɗinsa, da jakar allura. Wani a Takieta surukarsa ta daina amsa gaisuwarsa, Lawali. Shi kuma bawan Allah ba ya ƙin kira. Ya ce ya je gidan da ko kaza babu, aka shimfiɗa masa tabarma aka ce ya dubi sama. Don kunya ya ce kamar za a yi ruwa. Aka yi ruwa. Shi ke nan, ƙauye uku suka fara kiransa da suna.

Ranar Alhamis ɗin da ya faɗo, shef ɗinmu, wato shugabar biro, Madam Hadiza, ta ce, "Inna, da girmanki, amma yatsan wa ke nan? In Malam Lawali ya ajiye aiki yau, kujerarki za ta bi shi."

Na ce, "Madam, ko yaron da aka yaye jiya ya san kirari ba shaida ba ne. Na ce wa mutane da yawa giwa, ba wanda ya je neman haurensu."

Ibro ya ce, "Inna, shi duk abin da aka gaya masa gaskiya ne a wurinsa."

Na ce, "Ashe? To mai gaskata kirari zai gaskata zambo. Rubuta." Na juya na dubi Lawali ido cikin ido. "Lawali bai san sama ba, bai san kasuwa ba, ba ya shirya suruka da suruki. Akuya mai zawo, sa mai tari, raƙumi mai ƙazwa, nan ƙarfinsa ya tsaya. A tambayi wace dabba ce, a wane gari take. In babu dabba, a bar shi ya yi barci."

Lawali ya sa hannu a aljihu, na ce yau zan sha mari da tsufana. Sai ya fiddo goro ya ɗora mini a tafi, ya ce, "Inna, don Allah ƙara. Ce ban san gyaran famfo ba."

Ibro ya maido tambayoyin nan ɗaya bayan ɗaya, Ɗan Aike ya kai kowacce inda ta dace. Madam ta ce in zauna.

Duk rayuwata goro ake ba ni in rufe baki daga zambo, mutum ɗaya ne ya ba ni in ƙara. Don haka in kun kawo mini bayani, ku faɗi abin da abu yake yi, ku faɗi inda ƙarfinsa ya ƙare. Kirari kuwa ku ajiye wa ɗan Adam, shi ke da hankalin jin daɗinsa ba tare da ya yarda ba.