Tsaga Uku a Gindin Akushi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan labarin rasuwar abokina Haladu masassaƙi ya iske ni, kuma abin da ke ci mini rai shi ne bakin da na ji shi.

Ba ɗansa ne ya kira ni ba. Wani ne cikin masu sayar da kayan gargajiya a intanet. Bai ko gama gaisuwa ba ya ce, "Baba, an ce mutumin nan naka na Roni ya cika. Ko iyalansa za su saki sauran kayan?"

A lokacin ko wanka ba a yi masa ba.

Ga wanda bai san shi ba, Haladu akushi yake sassaƙawa tun muna samari. Kowanne ya gama, sai ya kifa shi ya yi tsaga uku a gindi, kamar sawun zabuwa. Bai iya boko ba, wannan ce sa hannunsa. Akushin da nake cin tuwo a ciki shi ya ɗauro a bayan keke har Kazaure, ranar sunan ɗiyata ta fari. Duk wanda nasa ya tsage kuma, gyara kyauta ne, sai dai ka sha faɗa a kan barin sa a rana.

Sai ga mutanen nan da wayoyinsu. Su sayi sabo fil a hannunsa, su binne a ƙasa, su rataye a hayaƙin madafi, har su fasa gefe su ɗinke da waya. Sannan a ɗora a kan farin ƙyalle a ɗauki hoto, a rubuta wai ya haura shekara ɗari, wai ba a san wanda ya yi shi ba. Tsagar nan uku kuma aka ce tambarin wata tsohuwar fada ne.

Ba a san shi ba? Mutumin da kuka sha furarsa a zaure?

Haɗuwarmu ta ƙarshe a kasuwar Gwiwa ce, bayan girbin gero. Na nuna masa hoton a waya, na karanta masa rubutun. Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Ashe na daɗe da mutuwa, kai kuma ko gaisuwa ba ka zo ba."

Da dariyar ta lafa sai ya riƙa shafa hoton da babban yatsa. Ya ce riba su je da ita, bai bi su ba. Amma tunda ina taɓa rubutu a intanet ɗin nan, in rubuta wa mutane cewa shi ya yi, don jikokinsa su san kakansu ba zaman banza ya yi ba.

Na ce masa sai na zauna. Ban zauna ba sai yau. Wannan haushin nawa ne, ni da kaina.

Ku kuwa masu shafuka, sana'a ba laifi ba ce. Amma ku kankare sunan mutum daga aikin hannunsa yana raye, ranar da ya mutu kuma ku buga waya neman saura? Amsar da ban ba ka ba ɗazu, kai da ka kira ni, ga ta: babu saura. Gizagonsa na sassaƙa da akusan da suka rage na jikokinsa ne.

Jama'a, duk mai baƙin akushi a gida, ko a Babura kake ko a ƙasar waje, ka kifa shi. In ka ga tsaga uku, ba fada ba ce. Ka ɗauki hoto ka sa a ƙasan rubutun nan, ka rubuta: Haladu na Roni ne ya yi.

Allah Ya jiƙanka Haladu, Ya haskaka kabarinka, Ya ba iyalanka haƙuri. Wanda ya karanta ya sa shi a addu'a, kuma don Allah ya ambaci sunansa.