Leɓen Sadisu

Sadisu, Allah ya jiƙansa, ɗan Adogi ne, iyayensa manoman doya. Tun yana yaro wata rana 'yan badujala suka raka gawa ta gefen gonarsu, zuciyarsa ta bi begila, ba ta sake dawowa gona ba. Ya shigo Lafiya ya manne wa Iorkyaa, wani ɗan Tibi mai ƙungiyar busa, ya koya da kunne kawai. Shekara da shekaru suna bin bukukuwa da jana'izar Kirista, har Assakio da ƙauyukan bayanta. Musulmi ne mai riƙe salla, amma idan ya busa a bakin kabari, matan mamaci kan tsagaita kuka su saurara.

Masu busan titi suna da hanyarsu. A danna bakin begila da ƙarfi har leɓe ya yi kanta. Idan ya fashe, a shafa man zafi a ci gaba. Wanda ya huta rago ne.

Wata damina, lokacin dogon hutu, Baba Oliver, tsohon mabushin soja, ya buɗe horon begila a wata makaranta a Azuba, safe da yamma har ƙarshen hutu. Waɗanda suka ci gwaji zai ɗauka cikin sabuwar ƙungiyarsa, masu busa a zaune cikin inuwa. Sadisu ya haura arba'in, gwiwoyinsa sun gaji da bin gawa a rana. Ya san irin wannan dama ba za ta sake zuwa ba.

"Maigida, da furfurarka za ka koma aji?" in ji matarsa Juwairiya.

"Ke dai tanadi dutsen guga. Farar riga za a ba mu."

Tun farkon horon Baba Oliver ya kama haɓarsa ya duba leɓen.

"Ɗana, busa kake ko dambe da ƙarfe? Sassauta. Iska ke aikin, ba leɓe ba. In an tashi, ajiye abin nan ka huta."

"To, Oga."

Amma Sadisu yana ganin samari sa'annin 'ya'yansa suna hawa siririyar murya ba wahala, shi yana gumi. Kunya ta kama shi. In an tashi sai ya shige gonar masara bayan makaranta ya yi ta busa har kiran magariba. Leɓen ya fashe, ya shafa man zafi. Ya nuna wa Iorkyaa.

"Haka duk muka yi, mutumina," in ji Iorkyaa. "Danna, zai yi kanta."

Ranar gwaji ya fara da kyau. Da ya zo hawa sama, sai ya ji wani abu ya katse cikin leɓen kamar zare. Ya sake hurawa, iska ce kawai ta fito. Baba Oliver ya taɓa wurin da yatsa.

"Zai warke, Oga?"

"Za ka ci abinci da shi. Za ka yi magana."

Sadisu ya koma wurin Iorkyaa, aka rataya masa babbar ganga. Da ita ya ci gaba da bin gawa, a bayan masu busa. Bai taɓa zargin kowa ba. Begilarsa tana rataye a ƙusa, Juwairiya na goge ta. Wani lokaci yakan sauke ta ya gwada, ya mayar ba tare da ya kalli matarsa ba.

Bara ruwa ya dake su a hanyar dawowa daga wata jana'iza, zazzaɓi ya kwantar da shi, bai tashi ba.

A Adogi aka binne shi, da sauri, cikin shiru, yadda ake binne Musulmi. Iorkyaa da sauran sun zo daga wurin aiki da kayan busarsu. Suka bar su cikin mota, suka tsaya daga nesa hannu sake har aka gama rufe ƙasa.

Allah ya sa ya huta.